Ƙwaron Gindin Ayaba: Baƙon da Muke Ɗaukowa da Hannunmu

Laccar da aka gabatar wa masu lambu, malaman gona da ɗalibai a Dutsin-Ma

 

 

Na san akwai wanda tun da ya ji taken laccar nan yake cewa a ransa, ina mu ina ayaba? Mu mutanen gero ne da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuma tumatir da albasa da tattasai. Ayabar da muke saye a tasha da bakin asibiti, yawancinta a mota ake kawo ta daga Kudu. Haka ne. Amma duk mai zagaya lambuna ya san ayaba ta fara samun wurin zama a cikinmu: gindi biyar a bakin hanyar ruwa, gindi goma kusa da rijiyar burtsatse, wani kuma a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, mai iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170, kuma tun farko an ƙiyasta za ta shayar da wajen hekta 8,000. Inda ruwa irin wannan yake, ga kuma tsadar da ayaba ke yi a kasuwa, ko ba daɗe ko ba jima matasa za su shiga nomanta gadan-gadan. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin maganar, tun ayabarmu ba ta yi yawa ba.

Magana ɗaya na zo da ita. Ƙwaron da ya fi kowane ƙwaro ɓarnar ayaba a duniya ba zai iya zuwa Dutsin-Ma da ƙafarsa ba, ba zai kuma zo da fiffikensa ba. Sai an ɗauko shi. Mu ne za mu biya masa kuɗin mota, yana kwance cikin ɗan ayabar da muka roƙo ko muka saya don dashe.

Kafin mu san ƙwaron, sai mun san abin da yake ci. Ayaba ba itace ba ce. Wannan kakkauran jiki da muke gani tsaye muna ce masa kara, ɓawon ganye ne ya nannaɗe juna, shi ya sa sara ɗaya da adda ke kayar da shi, ruwa na tsiyaya. Ainihin jikin ayaba yana cikin ƙasa, wani curi ne mai kama da kan gwaza. Daga wannan curi saiwa ke fita. Daga shi ganye ke tasowa. Daga shi sandar da za ta ɗauki nonon ayaba ke ratso tsakiyar kara har ta ɓullo sama, daga shi kuma 'ya'ya ke tsirowa a gefe. Duk abincin da shukar ta tara, nan yake ajiye, duk ruwan da saiwa ta zuƙo, ta nan yake bi. Wanda ya lalata curin ya gama da ayaba, ko da ganyenta na nan kore shar na ɗan lokaci.

To, curin nan shi ne gidan ƙwaron, shi ne abincinsa. Masana suna kiransa Cosmopolites sordidus, kuma wani masani Bajamushe, Germar, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1824. Asalinsa yankin Malesiya da Indunusiya ne, inda ita ma ayabar ta fito. Yau yana nan a Afirka, da Kudancin Amurka, da tsibiran Karibiyan, da na tekun Pasifik, kuma duk a cikin 'ya'yan ayaba ya yi wannan doguwar tafiya. A kudancin ƙasar nan, inda ake noman ayaba da agade, sananne ne.

Ga kamanninsa. Baƙi ne, sabon fitowa kuma yakan yi ja-ja kafin ya rine. Tsawonsa santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayansa da tauri, da ƙyar za ka murƙushe shi da yatsa. Yana da dogon baki siriri mai ɗan lanƙwasa. Wanda ya san ƙaramin ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara a rumbu ya san danginsa, sai dai wannan ya ninka shi girma sau uku ko huɗu. Da rana ba ya fita. Yana ɓuya ƙarƙashin tsohon ɓawon ayaba, ko cikin ƙasa mai laima a gindi, ko cikin karan da aka sare aka yar yana ruɓewa. Sai dare ya yi yake yawo. In ka taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya sanƙame kamar ya mutu, ka yar da shi, bayan ka tafi ya miƙe ya koma. Yana da fiffike amma ba kasafai yake tashi ba, yawancinsu sukan yi watanni ba su wuce 'yan taku daga gindin da suke ba. Yana da tsawon rai, yakan yi shekara, wani har biyu. Yana jure yunwa na watanni muddin akwai laima. Abin da ba ya jurewa shi ne bushewa: a busasshiyar ƙasa cikin 'yan kwanaki yake mutuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi babban ƙwaron ba shi ne mai ɓarna ba, 'ya'yansa ne. Macen takan zo daidai inda kara ya haɗu da curi, a saitin ƙasa, ta huda ƙaramin rami da bakinta, ta sa ƙwai ɗaya fari, mai tsawon kamar milimita 2. Cikin kwana 5 zuwa 8 ya ƙyanƙyashe. Sai ga farar tsutsa, kakkaura, mai jan kai, ba ta da ƙafa. Ba ta fitowa waje ko sau ɗaya. Ciki take nufa, tana ci tana haƙa rami, ramin na ƙara faɗi tana ƙara girma. In ta ƙoshi sai ta kwanta nan cikin curin kamar mako guda ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Daga ƙwai zuwa ƙwaro, a ƙasa mai zafi, mako 5 zuwa 7 ne.

Wani abu game da shi yana yaudarar manomi. Ba shi da yawan haihuwa, macen takan yi mako guda ƙwai ɗaya ko 'yan kaɗan ta sa. Tsutsar masarar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016, cikin kwana goma za ka ga ta rarake gona, ka ruga neman magani. Wannan kuwa a hankali yake taruwa, iyaye ba su mutu ba 'ya'ya sun taso, jikoki sun biyo baya, duk a gindi ɗaya. Shekarar farko ka sari nono mai nauyi ka yi hamdala. Ta biyu ya ɗan ragu, ka ce taki ne bai isa ba. Ta uku iska ta kayar da wasu, ka ce iskar bana ta yi ƙarfi. A Yuganda, inda ayaba ce tuwonsu, masu bincike sun bi wata gona yanka bayan yanka: asarar da ƙwaron ya jawo a yankan farko wajen kashi 5 cikin 100 ce, amma zuwa yanka na huɗu ta haura kashi 40. Yana cikin dalilan da suka sa noman ayabar dafuwa ya ja baya a tsakiyar ƙasar ya koma kudu maso yamma, tare da gajiyar ƙasa. Agade da ayabar dafuwa sun fi shan wuya a hannunsa, ayabar ci mai zaƙi ta ɗan fi juriya, amma ita ma ba ta tsira ba.

Yaya za ka gane yana lambunka? Ta sama alamun ba su da tabbas: ganye ya yi ɗorawa, shuka ta tsumbure, nono ya fito ƙarami, sabon dashe ya bushe daga tsakiya, wato ganyen da ke naɗe bai buɗe ba ya mutu. Duk waɗannan ƙishirwa na kawo su, rashin taki na kawo su. Yagewar ganye kuwa, wannan aikin iskar hunturu ne, ba ruwan ƙwaro. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce yadda ayaba ke faɗuwa. In ta kife gaba ɗaya, curin ya tumɓuko waje da guntayen saiwa baƙaƙe ruɓaɓɓu, to wannan aikin wasu ƙananan tsutsotsin saiwa ne da ido ba ya gani. In kuwa ta karye a daidai ƙasa, rabin curin ya zauna a rami, rabi ya bi karan, to ƙwaronmu ne ya rarake ta.

Amma kada ka tsaya ga zato, wuƙa ce ke raba gardama. Duk ayabar da ka sare nononta, kafin mako ya zagayo, ka tone ƙasar da ke gefen curin da hannu ko da ƙaramar fartanya, ka sa wuƙa mai kaifi ka fere ɓawon. Lafiyayyen curi fari ne tas, da tauri, yana fitar da ruwa mai danƙo. Wanda ƙwaro ya shiga, da ka fere za ka ga bakin ramuka zagaye-zagaye, wasu kaurin tsinke, wasu ɗan yatsanka zai shiga. Ka datse shi a kwance ka duba fuskar yankan. Ramukan sun karkace sun ratsa juna, gefensu ya yi baƙi, cikinsu cike da wani gari ruwan ƙasa mai laima, shi ne kashin tsutsar. Ka bi ɗaya da bakin wuƙa a hankali, sau da yawa a ƙarshensa za ka iske ta a lanƙwashe tana motsi da jan kanta. In abin ya yi nisa, tsakiyar curin ta zama baƙin ruɓa mai wari, domin ramukan sun buɗe wa cututtuka ƙofa. Mu nan da an ga rami a shuka sai a ce gara ce. Gara tana shigo da ƙasa cikin hanyarta, tana liƙe ta da yumɓu, kuma za ka gan su da yawa suna kai da kawowa. Tsutsar ƙwaron ita kaɗai ce a raminta, kuma ba ƙasa a ciki.

Yanzu mu dawo kan bushewa, domin nan ne Allah ya ba mu abin da bai ba mutanen Kudu ba. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka. Sauran watannin ƙasa ƙamas take. A Kudu gonar ayaba tana jingine da wata, ƙasa da laima kusan duk shekara, ƙwaro zai iya rarrafawa daga ta maƙwabci zuwa taka. A nan tsakanin lambunka da na gaba akwai fili busasshe, ga rana, ga hunturu, ƙwaron da ba ya tashi kuma ba ya jure ƙishi ba zai ƙetare shi ba. Ke nan lambun da aka fara da tsabtataccen iri zai iya daɗewa ƙwarai ba ƙwaro. Sai dai kuma a lura: ayaba ba ta yi sai inda ruwa ba ya yankewa, mu kuma mukan shimfiɗa mata ganye da ciyawa don riƙe laima. Wato a gindin ayaba mun gina masa daidai irin wurin da yake so. Da ya samu shiga, ya zauna.

Saboda haka yawancin aikin a ranar dashe yake. Yadda muke samun iri shi ne babbar ƙofa. Direba ya dawo daga Kudu da 'ya'yan ayaba a bayan mota, ko aboki ya ce zo ka ciri biyar a lambuna, a kawo su da ƙasarsu da saiwarsu da tsohon ɓawonsu, a jefa a rami. Ba wanda ya yi da mugun nufi, kyauta ce da zumunci. Amma ƙwai yana nan maƙale a wuyan curin, tsutsa tana ciki, wani lokaci har babban ƙwaron yana laɓe a ɓawo.

Ga yadda ya kamata. Ka zaɓi ɗa daga lambun da bai tsufa ba, wanda ka ga uwayen da idonka lafiya lau. Ka ɗauki mai siririn ganye mai tsini da kakkauran gindi, ka bar mai faffaɗan ganye da siririn wuya, wannan ba shi da ƙarfi. Ka datse karan ka bar kamar taƙi ɗaya a kan curin. Sannan ka fere shi: saiwa duka ta tafi, ɓawon waje ya tafi, kaurin kamar rabin santimita, har sai fari ya bayyana ko'ina. Kada ka ji tausayin saiwar, sabuwa za ta fito. Feraya tana kwashe ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ba su yi nisa ba, tana kuma tona asirin wanda ya kamu. In ka ga rami ka bi shi da wuƙa, in ya nutsa ciki ka haƙura da wannan ɗan, ka daddatse shi ka shanya a rana. Kuma don Allah a can inda ka samo irin za ka yi ferayar, ka baro ɓawon a can. In ka kawo gida ka fere a bakin lambunka, ka zubar da ɓawon a gefe, ka kawo ƙwaron ke nan ka sauke shi.

Bayan feraya sai ruwan zafi. Mai ma'aunin zafi ya tsoma su a ruwa mai digiri 52 zuwa 55 na kamar minti 20. Riƙe ruwa a wannan zafin a kan murhun itace da wuya, shi ya sa masu bincike na cibiyar IITA, wadda hedikwatarta ke Ibadan, suka gwada wata hanya mai sauƙi suka yaɗa ta: a tafasa ruwa a rabin duro, a zuba 'ya'yan da aka fere a kwando, a tsoma cikin tafasasshen ruwan daƙiƙa 30, a ciro. Daƙiƙa 30, ba minti ba. Ka sa yaro ya riƙe waya yana duba agogo, domin in ka zarce ka dafa irinka. Zafin yana kashe abin da ke kusa da ɓawo, har da tsutsotsin saiwar nan da na ambata, bai kai ga idon da zai tsiro a ciki ba. Da sun huce ka dasa a ranar. Kada ka tara su su kwana kusa da tsohuwar ayaba, ƙamshin sabon yanka yana kiran ƙwaron, cikin dare ɗaya zai mayar da aikinka baya. Ka binne curin duka, kada wuyansa ya zauna a waje.

Akwai abin da ruwan zafi ba ya magani, dole in faɗa. Wata cuta ce da ke sa ganyen ayaba ya fito gajere, siriri, a tsaitsaye, ya cunkushe a ka, shukar kuma ba ta haihuwa. An gano ta a Jihar Ogun a 2011, kuma ita ma cikin 'ya'yan ayaba take tafiya mai nisa. Wadda ta kamu sai tumɓukewa. Wannan ƙarin dalili ne na guje wa irin da ba ka san asalinsa ba.

In lambu ya kafu, sauran aikin tsabta ce. A kowane gindi ka bar uku kawai, uwa da 'ya da jika, sauran ka cire. In ka sari nono, kada ka bar karan tsaye yana ruɓewa, kada kuma ka jefar da shi ɗungurungum a hanyar ruwa, nan ne ƙwaron ke samun mafaka da wurin ƙwai. Ka sare shi daidai ƙasa, ka rufe kututturen da ƙasa, karan kuma ka tsattsaga shi a tsaye ka baza. Ranar Dutsin-Ma za ta busar da shi cikin 'yan kwanaki, abin da manomin Kudu ke nema bai samu ba. Shimfiɗar ganye da ciyawa tana da amfani, ba na ce a daina ba, amma a janye ta daga jikin ayabar kamar kamu ɗaya, a bar wuyan a sarari. A ba ta taki, domin ƙosasshiyar ayaba tana jure ramin da zai kayar da mai yunwa.

Daga karan da ka sare za ka yi tarko, ba ko kwabo. Ka yanki guntu mai tsawon kamu ɗaya, ka raba shi biyu a tsaye, ka share ƙasa a gefen gindi, ka kifa shi fuskar yankan na kallon ƙasa. Da zafin rani ka ɗora masa ganye don kada ya bushe da wuri. Bayan kwana biyu ko uku, da sassafe kafin rana ta ɗaga, ka zo da gwangwani mai ruwan sabulu. Ka ɗaga guntun a hankali. In suna nan za ka gan su manne a jiƙaƙƙen yankan, wasu a ƙasan da ya rufe, baƙaƙe, ba sa motsi. Ka tsince su ɗaya-ɗaya ka jefa a gwangwanin. Bayan mako ɗaya ko biyu ka canza guntun. Tarko yana rage su in an dage, amma aiki ne mai cin hannu, kuma ba ya taɓa tsutsar da ke ciki. Babban amfaninsa shi ne ya gaya maka gaskiyar lambunka. Ɗalibai, nan ne aikinku: littafi da biro, lamba ga kowane gindi, a rubuta abin da aka kama duk mako. A manyan gonakin ƙasashen waje suna amfani da tarko mai wani sinadarin ƙamshi da namijin ƙwaron ke fitarwa don kiran 'yan'uwansa, amma ga mai gindi ashirin ko hamsin, karan ayaba ya wadatar.

Sai bedi, ko darbejiya, wanda 'ya'yansa ke zuba a titunanmu muna takawa. Masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE a Kenya sun gwada garin ƙwallon bedi a gindin ayaba, giram 60 zuwa 100 ga kowane gindi, ranar dashe sannan duk bayan wata huɗu, suka ga ɓarnar ƙwaron da ta tsutsar saiwa ta ragu sosai. Yana hana macen sa ƙwai, yana kuma rage ƙyanƙyasa. Sun kuma lura in an zarce wannan awo yana cutar da shukar. Ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago, ka yi wa gwangwaninka alama, ka huta.

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: Malam, wane magani za mu saya? Ina roƙonku ku saurare ni da kyau a nan. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke tsakiyar curi, babban ƙwaron kuma yana ɓoye lokacin da kake feshin. Saboda haka masu son kashe shi da guba sai sun zuba mai ƙarfi a ƙasa, a gindi. An yi haka a wasu tsibirai biyu na Faransa a Karibiyan, Matinik da Gwadalup. Daga 1972 zuwa 1993 suka yi ta zuba wani magani mai suna kulodekon a gonakin ayaba, don wannan ƙwaron da muke magana a kai. Amurka ta dakatar da yin maganin tun bayan da ma'aikatan masana'antarsa a Jihar Bajiniya suka kamu da ciwo a 1975, amma a tsibiran aka ci gaba. Maganin ba ya narkewa a ƙasa. Ya bi ruwa ya shiga koguna da bakin teku, har aka hana kamun kifi a wurare da dama. Dankali da doya da aka shuka a irin wannan ƙasa suna ɗaukarsa. Binciken hukumar lafiya ta Faransa ya same shi a jinin fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen tsibiran, kuma suna cikin wuraren da sankarar mafitsara ta maza ta fi yawa a duniya. A 2018 shugaban Faransa Macron ya je Matinik ya amsa cewa gwamnati na da alhaki a ciki. Masana sun ce wasu filayen za su ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su tsarkaka.

Ku dubi inda lambunanmu suke. Abin da aka zuba a gindin ayaba a bakin Zobe, ruwan ban ruwa zai wanke shi ya koma inda ya fito. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi masunta ke kamun kifi a ciki, shi ne kuma aka ƙaddamar da aikin tace shi don sha a 2021. Irin garin maganin nan mai suna Furadan da wasu ke barbaɗawa a gindin shuka, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi, yana kashe tsuntsaye da kaji, ɗan kaɗan kuma ya isa ya halaka yaro. Mun riga mun ga abin da sakaci da magani ya jawo mana a wake, lokacin da Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu a 2015 saboda ragowar sinadarin fiya-fiya. Guba a gindi tana kuma kashe tururuwa da cinnaku, alhali wasunsu suna shiga ramuka su kwashe ƙwai da tsutsa, har a Kyuba manoma da gangan suke kai gidajen tururuwa cikin gonar ayaba. In lambu ya kai inda sai an sa magani, a kira malamin gona ya gani da idonsa, a sayi mai rajistar NAFDAC, a bi awon da ke jikin kwalba. Kada a ɗauki shawarar mai sayarwa a kasuwa ita kaɗai.

Masu dankali, ku ma kuna da naku, kuma ku kun fi masu ayaba yawa a zauren nan. Dankalin Hausa da ka dafa ka ji ɗaci, ka fasa ka ga baƙaƙen ramuka, aikin ɗan'uwan wannan ƙwaro ne, siriri mai kama da tururuwa. Shi ma tsutsarsa ce ke ɓarna a ɓoye, shi ma yakan zo cikin irin da aka dasa. Ba ya iya tona ƙasa, ta tsagewar kunya yake samun hanya, shi ya sa ya fi tsanani in ƙasa ta bushe ta dare. Ka yanki irinka daga kan yaɗo, kamar santimita 30 na ƙarshe, ka bar tsohon gindi. Ka riƙa tura ƙasa kana toshe tsaga. Kada ka bar dankali ya daɗe a ƙasa bayan ya nuna, kuma bayan haƙa ka tsince ragowar, kada ka maimaita dankali a wurin.

Wanda kuma ya je ya datsa curi ya tarar lambunsa ya riga ya rarake, shawarata mai ɗaci ce amma ita ce mafi arha. Ya tumɓuke duka, har curin, kada ya bar ko guntu a ƙasa, domin guntun zai tsiro ya ci gaba da ciyar da ƙwaron. Ya daddatse ya baza a rana. Ya yanke wa wurin ruwa ya bar shi ya sha rani guda cur, da damina ya shuka masara ko wake. Sabuwar ayabar ya kai ta wani gefe mai nisa, da irin da aka fere aka tsoma. Kada ya ba kowa ɗa daga tsohon lambun, ko an roƙe shi.

Abu na ƙarshe, ga hukuma nake faɗarsa. Duk wannan bayani ba zai yi nisa ba in manomi ba shi da inda zai sami iri mai kyau kusa da gida. Muna da Jami'ar Tarayya a garin nan tun 2011, da tsangayar aikin gona. Muna da hukumar aikin gona ta jiha, KTARDA, da malamanta. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ba nisa. Akwai hanyar ninka iri da aka inganta a cibiyar binciken ayaba ta Njombe a Kamaru, wadda ba ta buƙatar ɗakin gwaje-gwaje: a fere lafiyayyen curi, a kashe idon tsakiya, a binne shi cikin garin katako mai laima a ƙarƙashin rumfar leda, cikin 'yan watanni curi ɗaya ya ba da 'ya'ya goma ko fiye. A samo uwayen daga tsabtataccen tushe, a kafa irin wannan rumfa guda ɗaya a gonar jami'a ko kusa da Zobe, a koya wa ɗalibai da matasan ƙauyukan nan, a riƙa sayar wa masu lambu a kan farashin da ba zai sa su koma roƙon direbobi ba. Garin katako yana nan a wurin masu yankan katako, leda tana kasuwa, ruwa kuma ga shi.